Darasi na Tara: Gajiya da Lemun Ƙara Ƙarfi

Abin da za mu koya: yadda ake karanta lambobi biyu da ke jikin gwangwanin lemun ƙara ƙarfi, yadda mutum zai lissafa abin da ya sha a wuni, da yadda ake gane gajiyar da lemu ba ya maganinta.

A tashar Dogon Dutsi, inda babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni ta ratsa gari, da wuya ka ga kantin da ba shi da akwatin ƙanƙara cike da gwangwanaye da robobi masu hoton zaki, ko bijimi, ko doki, ko walƙiya. Haka abin yake a Kore Mairuwa da Tibiri da Matankari, har da kasuwannin ƙauye. Wasu daga Yamai ake kawo su, da yawa kuma ta iyakar Najeriya suke shigowa, tun da jihar Kabi ga ta nan kusa da mu. Sunayensu sun zauna a bakin samari: Fearless, Predator, Power Horse, XXL, Red Bull. Wa ke saye? Ɗan kabu-kabun da ya fito tun asuba, da direban da zai kwana bisa hanya, da mai dako, da mai ban ruwa a lambun dankalin turawa, da ɗalibin da jarrabawa ta matso masa. Kowannensu ya gaji, aiki kuwa bai ƙare ba. Ba wanda zai ga laifinsu don sun nemi abin da zai ɗaga su. Abin da ya kamata a taya su dubawa shi ne wane abin sha zai taimaka ba tare da ya bar wa jiki wata cuta ba.

Tun asali ma don masu aikin ƙarfi aka ƙirƙiro irin wannan lemu. A Japan aka fara sayar da Lipovitan a 1962. A 1976 wani ɗan kasuwar Tailan, Chaleo Yoovidhya, ya fito da Krating Daeng, wanda leburori da direbobin manyan motoci suka runguma. Shi ne wani ɗan Ostiriya mai suna Dietrich Mateschitz ya gani, suka haɗa jari, aka sauya masa ɗanɗano, aka fara sayar da shi da sunan Red Bull a 1987. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwaikwayo har abin ya iso kasuwanninmu.

Ina ƙarfin jiki yake fitowa?

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙarfin da mutum yake noma da shi, ko dako, ko daka, daga abinci yake fitowa: hatsi, wake, gyaɗa, nono, mai. Jini ne ke kai shi ga gaɓoɓi, jini kuwa sai da ruwa. Barci kuma shi ke gyara abin da aikin wuni ya ɓata. Saboda haka in ka ji jikinka ya mutu, kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi kanka wace irin gajiya ce.

Akwai gajiyar yunwa, ta wanda ya fito bai karya ba. Akwai ta ƙishirwa, wadda ta fi yawa da bazara, cikin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a ƙasar Arewa. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: baki ya bushe, kai ya yi nauyi, fitsari ya ragu ya yi ja. Akwai ta rashin barci. Sai kuma wadda ta fi su haɗari, wato gajiyar da cuta ke kawowa. Zazzaɓin cizon sauro yana barin mutum da kasala ko bayan zafin jiki ya sauka. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga mata masu ciki da masu shayarwa, yana sa jiri da haki ko da aikin bai taka kara ya karya ba, kuma in ka duba cikin fatar ido ko tafin hannu sai ka ga sun yi fari. Ciwon sukari ma da kasala yake farawa, tare da ƙishirwa da yawan fitsari. To, dubi mai ciwon sukarin da bai san yana da shi ba, yana jin kasala, yana kuma maganinta da lemu mai sukari kullum. Wannan yana ƙara wa kansa ciwo ne da kuɗinsa. Duk wanda yake ci, yake barci, amma gajiya ta ƙi sakinsa har mako biyu, asibitin CSI ya kamata ya nufa a auna jininsa.

Cikin waɗannan gajiyoyi huɗu, ta rashin barci kaɗai lemun ƙara ƙarfi yake taɓawa, ita ma rufe ta yake yi na ɗan lokaci.

Abin da ke cikin gwangwani

Komai yawan rubutun da ke jikinsa, abu biyu ne ke aiki: kafeyin da sukari.

Kafeyin shi ne sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, mun san shi tun kaka da kakanni ko da ba mu san sunansa ba. Ga yadda yake aiki. Muddin mutum yana farke, wani sinadari da ake kira adenozin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ne ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Kafeyin yana zuwa ya tare wurin da wannan saƙo yake shiga. Sai ido ya buɗe, zuciya ta ƙara sauri, mutum ya ji kamar an zuba masa sabon ƙarfi. Amma adenozin yana nan yana ta taruwa, ranar biya tana zuwa. Kamar bulala ce ga jakin da ya gaji: zai ƙara sauri, amma bulala ba harawa ba ce.

Kafeyin yana kai ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa awa 1 bayan an sha, kuma ba ya saurin fita. Bayan kimanin awa 5, rabinsa yana nan. Wanda ya sha robar lemu da la'asar, har bayan lisha rabin kafeyin ɗin yana yawo a jininsa. Zai kwanta ya yi ta juye-juye, ko ya yi barcin da bai kai ciki ba, ya tashi da gajiya, ya sake saye da safe. Ta nan sabo yake kama mutum. In ya kwana biyu bai sha ba sai ciwon kai da kasala su taso, ya ɗauka jikinsa ne ba ya iya aiki sai da lemu. Wannan ciwon kai yana wucewa cikin ƴan kwanaki, kuma wanda ya rage sannu a hankali ba ya shan wuyarsa sosai.

Nawa ne ya yi yawa? A 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa babban mutum mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a wuni, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. Mace mai ciki ko mai shayarwa iyakarta 200 a wuni. Wannan lissafi ya haɗa duk inda kafeyin ya fito. Kofin shayi yana da kimanin miligiram 50, kofin kofi kimanin 90, gwangwanin lemun kola kimanin 40, ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 kuwa 80. Jiki ma yana faɗa in an wuce masa iyaka: bugun zuciya, rawar hannu, faɗuwar gaba ba dalili, ƙwannafi, saurin fushi.

Sukari kuwa shi ne ainihin abin da ya sa nake jin tsoron waɗannan lemuka fiye da kafeyin, domin ba a jin illarsa a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake ci, wato kimanin giram 50 a wuni ga babba, in an tsaya a giram 25 ya fi. Ƙaramin gwangwanin nan mai mililita 250 yana ɗauke da giram 27. Sukarin da ke cikin ruwa yana shiga jini da gudu, ya ɗaga mutum, ya kuma sake shi da gudu, shi ya sa bayan awa ɗaya ko biyu kasala take dawowa. In abin ya zama na kullum, sai ƙiba, da ruɓewar haƙora, da ƙarin haɗarin ciwon sukari.

Sauran sunayen da ake jerawa ba su da nauyin da talla take ba su. Torin, wanda ake raɗe-raɗin daga jikin bijimi ake samo shi, a masana'anta ake haɗa shi, kuma jikinmu ma yana yin nasa. Bitamin B ba ya ƙara wa wanda ba ya da ƙarancinsa ƙarfi, yawancin rarar da fitsari take fita. Gwarana kuwa a kula da shi: ƙwayar wani tsiro ce ta ƙasar Barazil, kuma cike take da kafeyin. In ka ga sunansa, ka san an ƙara kafeyin ta wata ƙofa.

Mu karanta gwangwani tare

Ɗauki gwangwani ko roba, ka juya bayanta. Ƙyale hoton zakin. Nemi ƙaramin akwatin da aka zana mai layuka, rubutunsa ƙanana ne, wani lokaci sai ka fita haske. Na ƙasashen Faransanci za ka ga an rubuta caféine da sucres, na Najeriya kuma caffeine da sugars. A saman akwatin akwai 100 ml. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa: lambar da aka rubuta ta mililita 100 ce kawai, ba ta robar duka ba. Sai ka nemi girman robar, yawanci yana gaba daga ƙasa: 250 ml, ko 33 cl, ko 500 ml. Santilita 1 mililita 10 ce, saboda haka 50 cl daidai take da 500 ml.

A ce ka ga kafeyin 32 mg, sukari 11 g, robar kuma 500 ml ce. Ɗari nawa ne cikin 500? Biyar. To sai ka ninka kowace lamba sau 5.

Kafeyin: 32 × 5 = miligiram 160.
Sukari: 11 × 5 = giram 55.

Ƙwayar sukarin kwali tana da kimanin giram 5. Ke nan cikin wannan roba ɗaya akwai ƙwaya 11. Ka ɗebo ƙwaya 11 ka jera a tafin hannunka ka gani. Ba wanda zai jefa su duka cikin kofin shayi ɗaya, amma ga shi an shanye su cikin minti biyu a tsaye, saboda sanyi da gas da tsami sun ɓoye zaƙin. Roba ɗaya ta riga ta wuce sukarin wuni guda. Wanda ya sha biyu ya kai giram 110 na sukari da miligiram 320 na kafeyin, kuma in ya zauna fada da dare aka yi shayi, ko ya ɓara goro, ya haye 400 bai sani ba.

A Tarayyar Turai doka ta tilasta cewa duk abin sha irin wannan da kafeyin ɗinsa ya wuce miligiram 150 a lita, sai an rubuta gargaɗi a jikinsa cewa bai dace da yara da mata masu ciki ko masu shayarwa ba. Kayan Najeriya kuma suna ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Gwangwanin da ba a rubuta yawan kafeyin ɗinsa ba, ko ba shi da sunan kamfani da ranar lalacewa, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa, mayar wa mai kanti abinsa.

Akwai alama ɗaya kuma da nake roƙon kowane ɗalibi ya haddace, ko da bai riƙe komai cikin darasin nan ba. In ka ga lamba tare da % vol, ko kalmar alcool, alcohol ko vodka, to akwai giya a ciki. Ana yin wasu gwangwanaye masu kama da lemun ƙara ƙarfi sak, launi ɗaya, girma ɗaya, amma giyar cikinsu tana kai kashi 18 cikin 100, fiye da ninki uku na giyar kwalba. Wanda bai iya karatu ba yana iya sha bai san abin da ya sha ba, ko ya saya wa baƙo. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Waɗanda bai kamata su kusance shi ba

Yara ne na farko. Ma'aunin da hukumar nan ta Turai ta bayar ga yaro shi ne miligiram 3 ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 30 iyakarsa 90 ke nan, robar da muka lissafa kuwa tana da 160. Lituwaniya ta hana sayar wa ƴan ƙasa da shekara 18 wannan lemu tun 2014, Latbiya ta bi a 2016, Polan kuma a 2024. A wurinmu uba da uwa da mai kanti su ne masu tsaron ƙofa. Kada a ba yaro ragowar roba don yana kuka, kada a raba shi ga yara ranar suna ko biki kamar sauran lemu.

Sai mace mai ciki, domin kafeyin yana daɗewa a jikinta fiye da kullum, yana kuma ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, yawansa yana da alaƙa da haihuwar jariri marar nauyi. Sai mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari, da mai gyambon ciki, da mai farfaɗiya, da wanda barci yake yi wa wuya.

Dole a yi maganar Tramol, ko da ba ta da daɗi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce, amma ta bayan fage tana kai 120, 225, har 250, kuma hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar ta sha kama ta da yawa. Wasu samari suna narka ta cikin lemun ƙara ƙarfi ko kofi don su yi noma ko tuƙi ba gajiya. Tramol mai yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma danne numfashi, kafeyin kuwa yana hana shi jin cewa jikinsa ya kai iyaka. In jijjigar ta zo yana bisa babur da fasinja, rai biyu ne. A Kwaddibuwa, inda ƴan uwanmu da yawa suke zuwa cin rani, haɗa ƙwaya da lemun ƙarfi mai giya ya yi wa matasa ɓarna har gwamnati ta dakatar da shigo da irin waɗannan lemuka masu giya a 2023. Wanda ya riga ya saba da Tramol ba zagi yake bukata ba, a raka shi likita, domin yanke ta rana ɗaya ba da kulawa ba yana da wahala ƙwarai.

Abin da ke cikin gidajenmu

Manomin Arewa ya daɗe da sanin abin da ke riƙe mutum a gona daga hantsi zuwa la'asar. Dubi yadda ake dama fura: a sa dunƙulen cikin ƙwarya, a zuba nono, a yi ta murzawa da bayan ludayi har gudajin su mutu, a ƙara ruwa, ƙamshin citta da kanumfari yana tashi. Cikin wannan ƙwarya ɗaya akwai hatsin da jiki zai riƙa ja a hankali na awoyi, akwai nono mai gina jiki, akwai ruwan da zai maye gumi. Ta yi maganin gajiyar yunwa da ta ƙishirwa a tare, abin da babu gwangwanin da zai iya. Ba na shakkar cewa ga mai aikin ƙarfi cikin rana, fura ta fi duk wani lemun kanti. Sharaɗi biyu ne kawai: ruwan ya zama mai tsabta, nonon kuma wanda aka dafa kafin ya yi tsami, sannan kada a cika ta da sukari har ta koma abin da muke gudu.

Ga kunun gyaɗa, da kunun tsamiya, da kunun aya. Ga ƴaƴan kuka da ake jiƙawa a tace, masu yawan bitamin C, wanda ke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga wake da ganye. Ga zoɓo da lemun citta. Babu kafeyin a ko ɗaya cikinsu, saboda haka ba sa hana barci. Na sayarwa a ƙulle cikin leda sau da yawa zaƙinsa ya yi yawa, ba ka kuma san ruwan da aka yi shi da shi ba, na gida ya fi. Direba ko ɗan kabu-kabu ya riƙe gorar ruwa da ɗan dabino da gyaɗa a aljihu. Wanda gumi ko zawo ya zuƙe har yana jin jiri, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙunshin da ake samu a CSI, ko kuma lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In barci ne matsalar kuma dole sai an farka, muna da namu kafeyin. Goro, wanda fataken Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Gwanja ta kasuwar Salaga, yana da kafeyin kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Ba shi da sukarin da aka ƙara, kuma kana iya ɓara kaɗan ka ajiye saura. Sai dai babban goro ɗaya yana iya kai kofin kofi, don haka shi ma yana cikin lissafi. Shayin fada kuwa, gaskiya ita ce yadda muke yinsa bai fi lemun kanti da nisa ba. Ana tafasa ganyen ya daɗe bisa gawayi har na farko ya yi baƙi ya yi ɗaci, sannan a cika ƙaramin kofin gilashi da sukari a juye cikin ƴar buta, a maimaita a na biyu da na uku, kuma yawanci da dare. A rage sukarin zuwa rabi, baki yana sabawa. A kuma bar tazarar kamar awa 1 tsakanin cin abinci da shan shayi, musamman mata, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abincin.

In dai sai an saya

Wani zai ce duk ya ji, amma yana kan hanya, ba fura, ba shayi, sai kanti. To ya zaɓi ƙaramin gwangwani mai mililita 250 a kan babbar roba, ko da robar ta fi araha, domin abin da aka buɗe shanye shi ake yi. Ya zaɓi wanda aka rubuta kafeyin ɗinsa a fili, bai kuma wuce miligiram 32 a mililita 100 ba. Cikin guda biyu, ya ɗauki mai ƙarancin sukari. Wanda aka rubuta sans sucres ko zero ya raba ka da sukari, amma kafeyin yana nan, tsamin da ke cin haƙori ma yana nan, sai a kurkure baki da ruwa bayan an sha. Ɗaya a wuni ya isa, kafin azahar, bayan an ci wani abu, tare da ruwa. Ranar da aka sha shi a rage shayi da goro. Da azumi kada a yi sahur da shi, zai ƙara fitsari da ƙwannafi ya bar mutum da ƙishirwa, kuma kada ya zama farkon abin da zai shiga cikin da ya wuni ba komai.

Direban da ya ji idonsa yana rufewa tsakanin Doso da Dogon Dutsi, ko kan hanyar Ƙonni, ya sani babu lemun da zai tuƙa masa mota. Ya tsaya a gari inda akwai mutane, ya sha shayi ko kofi, ya kwanta minti 15 zuwa 20. Kafin ya tashi kafeyin ya fara aiki. Wannan zai kai shi zango na gaba ne kawai, bashin barcin dare sai an biya shi da barci.

Karatu: mutum biyu su tashi su karanta, ɗaya saurayi, ɗaya Majo, wato ma'aikacin lafiya

Saurayi: Ina kwana, Majo? Wallahi kwana uku ke nan gabana yana faɗuwa, hannuna yana rawa.
Majo: Sannu, samari. Zauna in auna ka. Me kake sha in kana aiki?
Saurayi: Lemun ƙarfi ne kawai, ranka ya daɗe. Babbar roba biyu, wata rana uku.
Majo: Da dare fa?
Saurayi: Sai shayi a fada.
Majo: Kana haɗawa da ƙwaya? Faɗa mini gaskiya, ba hukuma zan kai ka ba.
Saurayi: A'a, Majo, ban taɓa ba.
Majo: Madalla. Daga gobe ka koma ɗaya, da safe, bayan ka karya. Mako mai zuwa ka bar ta. Kanka zai yi ciwo kwana biyu, kada ka tsorata. Ka dawo ranar Litinin in sake auna jininka.

Tambayoyi

1. Faɗi gajiya iri huɗu da aka ambata. Wacce kafeyin yake rufewa?
2. Gwangwani mai 33 cl yana da sukari giram 10 a mililita 100. Giram nawa ne a cikinsa duka? Ƙwayar sukari nawa ke nan?
3. Mutum ya sha roba ɗaya mai miligiram 160, da kofin kofi ɗaya, da kofin shayi uku. Kafeyin nawa ya sha? Ya wuce iyakar babba? In mace mai ciki ce fa?
4. A ce roba ɗaya dala 60 ce, wato sefa 300. Mai shan biyu kullum, jika nawa yake kashewa a kwana 30? Tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a kasuwarku yau?
5. Wace alama ke nuna akwai giya a gwangwani? Rubuta ta a allo.

Aikin gida

Kowa ya tsinto gwangwani ko robar da aka shanye, ya zo da ita aji. Za mu karanta lambobin tare, mu jera ƙwayoyin sukarin kowacce a gabanta. Wanda yake da ɗa ko ƙane mai shan wannan lemu, ya yi lissafin tare da shi a gida.

In kuwa kun ga wani ya sha, sannan ƙirjinsa ya riƙe, ko zuciyarsa ta riƙa bugawa ba tsari, ko ya suma, ko ya fara jijjiga, kada ku tsaya ɗura masa ruwa ko nono. Ku kwantar da shi ta gefe, ku gaggauta kai shi CSI mafi kusa ko likitar gunduma, ku tafi da gwangwanin da duk wata ƙwaya da ke aljihunsa don ma'aikatan lafiya su ga abin da ya sha.